Man dizal ne ya lalace, ko tiyon motar ne ya tsufa?

Me ya sa motar da aka kashe lafiya ƙalau da daddare za ta ƙi tashi da asuba, a yi ta murza makulli har batir ya mutu? Ka yi wannan tambaya a tashar Kawo ko ta Mando, ko wajen masu manyan motoci a Mararrabar Jos, kusan kowa amsa ɗaya zai ba ka: man yanzu ne ba shi da kyau. Maganar ta ƙara ƙarfi tun watan Yulin 2024, lokacin da hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai da matatar Dangote suka yi ta musayar yawu kan wane dizal ne ya fi tsabta, na gida ko wanda ake shigowa da shi. Tun daga nan, mota ko tari ta yi, sai a ɗora wa mai.

Ba wanke man na zo yi ba. Gurɓatacce yana nan, kuma zan zo kansa. Sai dai cikin motocin da na ga masu su sun sha wahala a kansu, da yawa laifin na wani abu ne da kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, wato tiyon robar da ke ɗauko mai daga tanki zuwa inji.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata mota ce da kawuna ya sayo ta gwanjo, irin wadda Turawa ke yi wa ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da banɗaki, tafi-da-gidanka ke nan ta gaske. Abin da ya ja shi gare ta shi ne agogon tafiyarta ya nuna ba ta yi wani dogon zango ba. Wata uku ba a yi ba ta fara ƙin tashi da safe. Sau biyu ana kwance famfon injekta ana kai shi gyara, ana biyan kuɗi masu nauyi, ciwon yana nan yadda yake.

Hanyoyi uku da mai ke bi

Rashin bambance hanyoyin nan shi ne tushen ruɗanin. Ta farko hanyar zuwa ce. Daga tanki mai yana bin bututun ƙarfe ko na roba mai tauri da aka shimfiɗa a jikin shasi, ya shiga filta, ya isa famfon injekta, wato famfon da ke tura mai da ƙarfi zuwa cikin inji. A gaɓoɓi, wato bakin tanki, bakin filta, da kusa da inji inda jijjiga ta fi yawa, ana haɗa bututun da guntayen tiyo mai lanƙwasuwa. A tsofaffin motoci da yawa babu famfo cikin tanki. Famfon da ke jikin inji ne ke zuƙo man, yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. A riƙe wannan, don a nan sirrin yake.

Ta biyu hanyar dawowa ce. Inji ba ya ƙone duk man da aka kai masa. Ragowar, bayan ta sanyaya famfo ta kuma shafe shi, tana komawa tanki da ɗuminta. A wannan hanyar ne ake samun siraran tiyon nan masu saƙar zare a baya, da ke tsallakawa daga wannan nozul (bakin da ke fesa mai cikin inji) zuwa wancan, raminsu bai wuce milimita 3 da ɗan kai ba. Su suka fi shan zafi, don a kan inji suke kwance.

Ta uku ita ce gajerun bututun ƙarfe daga famfo zuwa nozul. Nan babu roba ko kaɗan, kuma ƙarfin da ke ciki ba na wasa ba ne. Da bar ake auna matsi: tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska bar 2 da ɗan kai. Tsohon injin dizal yana fesa mai da ɗaruruwan bar. Sabon tsarin da bakanike ke kira komon rel, wanda ya shigo ƙananan motoci a 1997 a motar Alfa Romeo 156, yana kaiwa bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma sun wuce haka. Idan ana maganar canza tiyon mai, hanya ta farko da ta biyu ake nufi.

Shekaru ke tsufar da roba, ba kilomita ba

A nan kawuna ya yi kuskure, kuma kuskure ne da masu sayen gwanjo da yawa ke yi. Agogon mota tafiya yake ƙirgawa. Roba kuwa, ko motar tana ajiye ƙarƙashin rumfa, tsufa take yi. Yawancin tiyon mai na da an yi cikinsa da robar da ake kira naitiril. Zafi da iska suna busar da ita sannu a hankali, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa kamar kaushin ƙafa a hunturu. Motar da ta daɗe a tsaye ma ta fi shiga haɗari, domin tankin da ba a cike yake ba yana tara raɓa, ruwan ya kwanta a ƙasa, ya ci bututun ƙarfe da tsatsa ta ciki.

Motocin ɗaki kuwa haka rayuwarsu take. Bature ya fita da ita mako biyu ko uku a lokacin hutu, ya dawo ya ajiye sai baɗi. Shekara ashirin za ta yi agogonta na nuna kamar yarinya. Sannan a ɗauko ta daga ƙasar sanyi, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin ya riga ya taɓa bututun ƙasa, a kawo ta Kaduna ta haɗu da zafin Maris da Afrilu da ke dosar digiri 40, da ƙurar hunturu, da ramukan titi.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar masu motar alfarma ce kawai. J5 ɗin nan da ke ɗaukar tumatir da albasa da fasinja a faɗin Arewa, ita ce ainihin gangar jikin da Turawa suka yi ta gina ɗakuna a kai. Peugeot J5 da Fiat Ducato da Citroën C25 mota ɗaya ce da suna uku, an fara ƙera su a Italiya a 1981, har Boxer ta gaji J5 a 1994. Ke nan J5 ɗin da aka ƙera a Turai, ko ta ƙarshen ce, ta haura shekara 30. Haka Toyota Coaster mai injin 1HZ, wadda a Ostareliya ake yawan mayarwa gidan tafiye-tafiye, a nan ita ke jigilar ma'aikata da ɗalibai. Kaduna, garin da ya zauna da kamfanin haɗa Peugeot a Kakuri tun 1975, ba ya rasa masu sanin inji. Abin da aka rasa shi ne wanda zai duƙa ya duba tiyo kafin ya kama sifana.

Yoyon da ba ya ɗiga

Mutane sun saba cewa idan abu ya huje, zuba zai yi. A ɓangaren da famfo ke zuƙa ba haka abin yake ba. Tunda ja ake yi ba turawa ba, ƙaramar tsaga ba ta fitar da mai, iska take shigarwa. Ka leƙa ƙarƙashin mota ka ga ƙasa a bushe, ka rantse tiyo lafiya yake, alhali yana shaƙar iska ta wata kafa da ido ba ya gani.

Da daddare, idan inji ya mutu, iskar da ta shiga tana barin man ya sulale ya koma tanki. Da safe famfo ya tarar da hanya wayam, dole a yi ta murzawa kafin mai ya sake hawowa. Shi ya sa motar ke wahala a tashin farko, amma idan ta tashi sai ta yini lafiya. A kan hanya kuma za ka ji tana shiƙa, sulo yana hawa da sauka, ko ta mutu a hawan tudu. Akwai ma wani nau'in da ya fi wannan ɓoyuwa: fatar cikin tiyon ta saki, idan aka taka totur famfo ya ja da ƙarfi sai ta manne ta toshe hanya, idan aka sassauta ta buɗe. Daga waje tiyon sumul. Alamarsa ita ce baƙaƙen ɓurɓushin roba a cikin filta.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, dizal shi ne man shafawar famfon injekta da nozul. Duk murzawar da aka yi babu mai, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Tiyon da aka raina, idan aka bar shi, shi ne zai kashe famfon da gaske. Daga baya a ce ai da ma injekta ce.

Motar kawuna wani dattijon bakanike ne ya gano ta, ba tare da ya kwance komai ba.

"Alhaji, kafin a sake taɓa injekta, a ba ni jarka mai tsabta da sabon tiyo mita biyu."

"Malam, ai an ce mini ko man ne ko famfon."

"To, mu tambayi motar da kanta."

Ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya haɗa filta kai tsaye da jarkar da aka zuba wa man da aka tsiyayo daga tankin motar, ya fitar da iska, aka bar ta ta kwana. Da asuba murzawa ɗaya ta tashi. Man bai canza ba, famfon bai canza ba, hanyar kawai aka tsallake. Wasu kan saka guntun tiyo mai haske na ɗan lokaci kafin famfo don su ga kumfar iska tana wucewa. Duk dabarun biyu ba su kai kuɗin kwance famfo ba.

Ina gaskiyar masu zargin mai?

Suna da hujja. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwa ke kawo wa Afirka ta Yamma dizal mai yawan salfa, wato farar wuta. A lokacin dokar Najeriya ta yarda har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Tarayyar Turai tun 2009 ta tsaya a kan 10. Ga kuma man bumburutu da ake surkawa da kananzir, ga wanda ya kwana cikin durom mai ruwa da ƙasa. Irin wannan yana toshe filta, yana cinye nozul, musamman a injin komon rel da filtarsa ke tace datti mai ƙanƙantar maikiron 2 zuwa 5, alhali kaurin gashin kai kusan maikiron 70 ne.

Sai dai akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: sauyin mai, ko da zuwa mafi tsabta ne, yana tona asirin tsohuwar roba. Wasu sinadaran da ke cikin dizal suna ɗan kumbura naitiril, wannan kumburin ne ke riƙe gaɓoɓi gam. Idan aka koma man da sinadaran suka ragu a ciki, robar ta motse, tsohuwa kuwa ba ta da sauran laushin da za ta sake kamawa, sai naso ya fara. Haka ya faru a Amurka a 1993 da aka rage salfa a dizal ɗin kan titi, motoci da dama suka fara yoyo ta robobin famfo. Dizal ɗin Turai kuma yana ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, wanda shi kuma tausasa tsohuwar roba yake yi. Motar da ta sha wancan shekara ashirin, ta zo nan tana shan na gida yau, na waje gobe, robarta ta ga sauyi iri-iri. Direban da ya ce tun da ya sha mai a wuri kaza motarsa ta canza ba lallai ƙarya yake ba. Man ne ya tura, amma bangon da ma ya tsage.

"Ai dizal ba ya kama wuta"

Wannan magana tana da rabin gaskiya, kuma rabin ne ke kashe mutane. Fetur yana fitar da tururin da ke kamawa tun a digiri 40 ƙasa da sifili, dizal kuwa sai ya yi ɗumin da ya haura digiri 50. Shi ya sa za a iya jefa ashana cikin kwanon dizal mai sanyi ta mutu. Amma idan ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi ba ya bukatar ashana. A wajen digiri 210 yana iya kamawa da kansa, bakin salansa da tarbo kuwa suna wuce digiri 500 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Idan kuma feshi yake yi ta ƙaramar huda, ya zama hazo, kamawarsa ba ta da bambanci da ta fetur.

A motar ɗaki haɗarin ninki ne: ga katako, ga katifa, ga labule, ga tukunyar gas ta girki, ga mutane suna barci a kai. Idan wuta ta tashi kada a watsa ruwa, dizal bai kai ruwa nauyi ba, hawa kansa zai yi ya bazu. Tukunyar kashe gobara mai hoda, wadda jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke tambaya a hanya, ita ce maganinta, idan ba ta ƙare aiki ba. Kuma kada a wangale murfin inji gaba ɗaya, iska za a ba wutar.

Wane tiyo za a saya

A Panteka ko Ori Apata za a nuna maka baƙin tiyo iri-iri, duk kamanninsu ɗaya. A karanta rubutun da ke jikinsa. Tiyon lagireto na ruwa ne, dizal yana kumbura shi ya mayar da shi laɓo-laɓo. Farin tiyo mai haske irin na ban ruwa yana ƙandarewa ya zame daga bakinsa. Na mai na gaske yana ɗauke da lambar SAE J30 ko ta Jamus DIN 73379. Wanda aka rubuta R6 ko R7 na ƙaramin matsi ne, ya isa tsofaffin injuna. R9 yana da fatar ciki mai jure zafi da man tsirrai, ya kuma fi ɗaukar matsi, ni shi nake zaɓa ko da ya fi tsada. Wanda zai zauna tsundum a cikin tanki kuwa sai R10, domin sauran, fatar bayansu ba ta jure jiƙa cikin mai.

Faɗin rami ma sai ya dace, yawanci milimita 8 ko 10 a hanyar zuwa. A tafi da guntun tsohon don a gwada. Tiyon da ya yi wa bakin ƙarfe yawa, komai matse kilif, iska za ta samu hanya. Kilif ɗin nan mai tsaga-tsaga yana cizon ƙaramin tiyo, gara mai santsin ciki da ke kamawa zagaye. Ɗaure da waya ko da yankan tsohon tuf na babur dabarar kai mota gari ce, ba gyara ba. Idan bututun ƙarfe ne ya ruɓe, kada a maye shi da jan ƙarfe ko ƙarfe mai rufin tutiya, su biyun suna lalata dizal ya yi danƙo. Tiyon gwanjo kuwa ban ga hikimarsa ba ko kaɗan, shekarunsa ɗaya da wanda ake cirewa.

A yi faci, ko a canza duka?

A nan ake samun saɓani tsakanin mai mota da bakanike. Mai mota yana ganin a yanke inda ya tsage a haɗa, tunda kasuwa ba daɗi. Ba na ganin laifinsa. Amma robar duka rana ɗaya aka saka ta, zafi ɗaya ta sha. Wanda ya tsage yau na kusa da shi ne zai bi baya, kuma kowane faci sabuwar gaɓa biyu ce da iska za ta iya shiga. A ganina, motar da tiyonta ya haura shekara goma, a canza na zuwa da na dawowa da siraran kan nozul a zama ɗaya, har da filta da washar jan ƙarfen da ke bakin notinan.

Aikin ba shi da wuya, natsuwa yake so. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a tallafe mota da abin da ba zai goce ba, a nisanta da mai walda da mai sigari. A wanke gaɓoɓin kafin a kwance, a toshe bakin da aka buɗe, domin ƙurar da ta faɗa bayan filta kai tsaye nozul za ta je. A canza ɗaya bayan ɗaya don kada a musanya na zuwa da na dawowa. Sabon tiyo ya bi inda tsohon ya bi, nesa da salansa, a ɗaure shi yadda ba zai riƙa gogar shasi ba. A manyan motocin ɗaki irin na Amurka, masu tsawon mita 12 da injin Cummins ko Caterpillar a baya, layin yana da tsawo kuma ya ratsa cikin shasi, don haka akan tsiyaye tsohon a toshe shi a bar shi, a ja sabo a gefensa. Sannan kada a manta da tiyon janareta da na hita, waɗanda ke shan mai daga tanki ɗaya. Bakin zuƙar janareta an yi shi gajere da gangan, ya daina samun mai idan tanki ya sauko kusan kwata, don kada ya shanye na tafiya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalacewa ce.

Bayan an gama sai fitar da iska, ta ɗan famfon hannun da ke kan filta, ko ta kunna makulli sau da yawa a motar da ke da famfon lantarki. A nan ina roƙon yaran gareji: dabarar sassauta notin nozul a murza inji ta tsofaffin motoci ce. A komon rel kada a yi ta, kada kuma a laluba yoyo da yatsa inji yana aiki. Feshin yana huda fata kamar allura. Ramin ɗan mitsitsi ne, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, man kuwa yana ciki yana kashe nama. Wanda hakan ta same shi a garzaya da shi babban asibiti a ranar, a gaya wa likita dizal ne ya shiga da ƙarfi, domin aikin tiyata ne, jinkiri kuma yana kai wa ga yanke yatsa.

Wanda abin ke ci

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai lita ɗaya zuwa biyu cikin awa goma na aiki. Ga tsadar dizal yanzu, direba ya lissafa na wata guda. Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da J5 cike da tumatir ta mutu a rana tsakanin Zariya da Kaduna, ko bas ta tsaya da mata da yara da magariba a hanyar Abuja ko ta Birnin Gwari, inda ba wanda ke fatan tsayawa. Fasinjan da ya ji warin ɗanyen dizal yana ƙaruwa cikin mota yana da haƙƙin ya ce wa direba a tsaya a duba.

Tiyon motar kawuna da aka cire, dattijon ya tsaga shi a tsaye ya nuna mana. Fatar cikin ta ɓare ta yi zare-zare, shekarar da aka buga a bayansa kuma ita ce shekarar da aka ƙera motar. An canza na gaba duka a ranar. Saura guda biyu da ke saman tanki, waɗanda sai an sauke tankin hannu zai kai gare su, an sa ranar yin su kafin ruwan farko ya sauka.